Tankin da Papa Ya Gina a Sabon Gari

Har gobe idan aka yabi mutum a gabana aka ce mai haƙuri ne, ba na taya yabon. Nakan so in tambaya, haƙurin nan nasa, wa ke ɗaukar nauyinsa? Wannan hali na samo shi ne a Samaru, a tsakiyar shekarun saba'in, ta dalilin wani Bature Ba'amurke da ya koya mana tarihi a jami'a. Bayan mahaifina babu malamin da ya amfane ni kamarsa, kuma har yau haushinsa nake ji. Na daɗe da daina ƙoƙarin sasanta waɗannan abubuwa biyu.

Dakta muke ce masa. Dogo ne siriri, mai sanƙo, kullum cikin farar shat mai gajeren hannu, yana tuƙa wata 'yar motarsa mai kama da kunkuru. Abin da ya fara jawo hankalinmu gare shi ba iliminsa ba ne, abin da ba ya ci ne. Ba ya shan giya, ba ya shan taba, ko shayi ba ya sha. Bature da ba ya shan shayi! Muka yi ta tsegumi a kansa, wasu suka ce gyambon ciki ne, wasu suka ce rowa ce. Daga baya muka ji cewa addininsa ne ya hana. Ɗan ɗariƙar Momon ne, wani reshe na Kiristanci da ya tsiro a ƙasarsu, suna da nasu annabin da nasu littafin bayan Baibul.

A lokacin ni na yi watsi da salla. Na fito daga gidan malamai a cikin birnin Zariya, na shiga jami'a na tarar da samari masu gemu da jakar rataye suna cewa addini kayan sa talaka barci ne. Na karanta abin da suke karantawa, na kuma shiga tsofaffin takardun ƙasarmu na ga abubuwan da ba a faɗa mana a zauren gidanmu ba, yadda mutanen da muke ambata da girmamawa suka sayi mutane suka sayar. Sai na ji komai ya fita daga raina. Idan na je gida nakan yi alwala in bi sahu don kada Baba ya gane, idan na dawo Samaru in naɗe darduma in cusa ƙarƙashin gado.

Dakta ne ya gane. Na rubuta masa wani aiki cike da zafin rai, na zagi kakannina tas, ya kira ni ofis. Na zaci faɗa zai yi. Sai ya ce aikin ya yi kyau, hujjojin daidai ne, amma wa ya gaya mini cewa wanda ya ga laifin gidansu dole ya ƙone gidan? Ya ce shi kansa ya shafe shekaru yana tonon tarihin addininsa, ya ga abin da ya hana shi cin abinci, ya rubuta shi kuma ba tare da ya rage ko ya ƙara ba, amma ranar Lahadi yana durƙusawa ya yi addu'a.

"Imanin da ba zai iya kallon takarda ba, ba imani ba ne, tsoro ne," in ji shi. "Je ka yi sallarka, ka zo da tambayoyinka gaban Ubangijinka. Ba zai firgita ba."

Ban taɓa jin wani ya yi magana haka ba. Malaman gidanmu suna cewa kada ka tambaya, samarin jami'a suna cewa kada ka yi salla, ga wani ya ce in yi duka biyun. A makon nan na jawo dardumata na kakkaɓe. Tun daga ranar ban sake barin salla ba, kuma wannan Bature ne sila. Na faɗi wannan tun da wuri ne don kada wani ya ce ban san alherin da ya yi mini ba.

To, akwai Papa. Birkila ne daga kudu maso gabas, ya zo Sabon Gari tun yana saurayi, shi ya gina mana shagunan Baba na bakin kasuwa. Da rikici ya tashi ya gudu da iyalinsa, Baba ya riƙe masa gidansa, da yaƙi ya ƙare ya dawo ya tarar da shi yadda ya bari. Tun muna yara Papa muke ce masa, matarsa kuma Mama. Gajere ne kakkaura, hannunsa kamar dutsen niƙa saboda siminti, Hausarsa tar, sai dai namiji da mace duk "ka" yake ce musu. A falonsa akwai hoton wani farin gini mai tsinin hasumiya, ya yanko daga mujalla ya sa a gilashi. Shi ma ba ya shan shayi, ya daina giya, ko goron da Baba ke miƙa masa karɓa yake yi ya sa a aljihu.

Tun kafin yaƙi wata 'yar ƙasida ta faɗo hannunsa, ya karanta ya ce ya sami gaskiya. Ya bar cocinsu na gado, abin da ya jawo masa gaba da danginsa. Ya yi ta aika saƙo Amurka a turo wanda zai yi masa baftisma, wato a nutsa shi cikin ruwa a shigar da shi addinin, suna aiko masa da littattafai suna cewa ya ƙara jira. Duk Lahadi yakan tara Mama da wasu 'yan tsirarun maƙwabta a falo su yi waƙa su yi karatu. Shekaru ya yi a haka, yana bin addinin da bai karɓe shi ba.

Ranar da na gane cewa addinin hoton falon Papa shi ne addinin Dakta, ban tsaya cin abincin rana ba, na hau bas daga Samaru sai Sabon Gari. Na tarar da shi a kan wani gini a Dogarawa. Da na faɗa masa, sai ya ajiye cokalin gininsa, ya sauko daga kan katako a hankali, ya zauna a kan bulo.

"Ɗana, kada ka yi mini wasa. Yana nan Zariya? Da ƙafansa?"

Na ce da ƙafarsa, har da mota.

Lahadin da ta biyo baya na kawo Dakta. Mama ta yanka kaza, ta daka sakwara, aka share tsakar gida har bakin kwata. Dakta ya cire takalmi a ƙofa ba wanda ya ce ya cire, ya ga hoton, ya tsaya, idonsa ya ciko. Suka yi waƙa tare, waƙoƙin da Papa ya koya daga littafi ya sa musu nasa karin, Dakta ya bi su a haka bai gyara musu ba. Ya ci sakwara da hannu, yaji ya sa shi tari, kowa ya yi dariya. Da za mu tafi Papa ya riƙe hannunsa da hannu biyu ya tambaye shi yaushe. A addininsu kowane namiji baligi mai tsayawa kan ƙa'ida firist ne, wato kamar limami, yana da ikon yin baftisma, kuma Papa ya san haka sarai. Dakta ya ce zai rubuta wa manyansu ya nemi izini.

Papa bai jira amsa ba. A wurinsa mutumin da ya ci abincinka, ya yi addu'a a falonka, ya kira ka ɗan'uwa, ya gama amsawa, saura sa rana. Baftismarsu ba yayyafi ba ce, sai an nutsa mutum gaba ɗaya, ko gashi ɗaya kada ya rage a waje. Ya duba rafukan da ke kusa ya ce duk ƙazanta ce, ba zai sadu da Ubangijinsa a inda ake wankin mota ba. Sai ya fasa dandamalin bayan ɗakinsa ya gina tanki. Ni na ga aikin nan da idona. Zurfinsa ya kai ƙirjin mutum, ga matakala a ciki, ya shafe shi sumul da siminti, ya sa bututu a ƙasa ya toshe da tsumma. Ya ƙara masa tsawo da gangan, wai saboda Dakta dogo ne kada ya takura. Mama ta ɗinka masa farar riga da farin wando ta goge ta ajiye a akwati. Famfon unguwar ba kullum yake kawo ruwa ba, don haka 'yan ga-ruwa ya riƙa kira suna cika shi. Duk Asabar ya zubar da tsohon ruwa ya wanke ya sa sabo, ko gobe ce ranar.

Amsa ta zo daga Amurka, a'a. Dakta ya kira ni ofis ya faɗa mini kafin ya faɗa wa Papa, ina jin so yake in taya shi ɗaukar kunyar. A lokacin addininsu ba ya ba baƙar fata matsayin firist. Tunda kuwa babu baƙin da zai iya jagorantar jama'a, manyan suka ce kada a fara shigar da kowa a ƙasar nan, kada a tara tumaki babu makiyayi.

Na ce, "Yallaɓai, wannan doka daga Allah take?"

Sai ya faɗa mini gaskiya, domin shi ba ya ƙarya, kuma wannan na cikin abin da ya fi ƙona mini rai. Ya ce iya bincikensa bai ga wahayin da ya kawo ta ba. Ya ce a zamanin wanda ya kafa addinin an naɗa baƙaƙe firistoci, ya ga shaidar da idonsa. Daga baya ne dokar ta shigo, a zamanin da ƙasarsu ke cike da ƙyamar baƙi, aka yi ta neman ayoyin da za a jingina ta da su.

"To ka san ba ta da tushe," na ce. "Ga ruwa, ga mutum. Me ya hana?"

"Na yi alkawarin biyayya. Idan kowa ya yi abin da ya ga dama, babu coci. Ina rubutu, ina magana da waɗanda ya kamata, ina addu'a. Za ta canza, na tabbata. Sai an yi haƙuri."

Haƙuri! Shi da aka nutsa a ruwa tun yana yaro, shi da 'ya'yansa ke da duk abin da Papa ke roƙo, shi ne ke haƙuri. Yana kwana a gidan ma'aikata mai fanka da furanni yana haƙuri, Papa yana can yana kankare gansakuka a tanki. Na fita daga ofishin nan ban yi sallama ba, abin da ban taɓa yi wa malami ba.

Abin da ya ƙara tunzura ni shi ne Papa bai yi fushi ba. Ni Musulmi, da ba ruwana da baftisma, wanda a ƙasan raina ma na fi son Papa ya yi kalmar shahada, ni ne nake ta huci. Na ce masa, Papa, mutanen nan ba sa son ka, sun ce fatarka ba ta yi musu ba, ka koma cocinku mana. Ya dube ni kamar na yi wauta.

"Ni ban nemi sarauta ba, ɗana. Ban ce a ba ni firist ba. Ruwa kawai. Kuma ba don su na yarda ba, don Allah na yarda."

Dakta ya ci gaba da zuwa duk Lahadi, ba ya fashi. Yakan zauna a benci tare da su, ya yi waƙa, ya kawo littattafai, ya kai yaran unguwa asibiti a motarsa idan ta kama. Daga inda yake zama ana hango tankin ta taga. Na lura kullum yakan zaɓi gefen da zai ba tagar baya. Ni kuwa na riƙa zama a ajinsa ina jin yana koya mana cewa masanin tarihi bawan gaskiya ne, ina rubutawa a littafina. Na so a ce munafuki ne, da na huta. Amma mutumin kirki ne, ya san gaskiya, ya faɗe ta, ya rubuta ta, sannan ya naɗe hannu.

Shekara ta juyo, wata ta bi ta, sai ƙafafun Papa suka fara kumbura. Aka ce ƙoda ce. Ya daina hawa gini, ya rame, ya koma zaman tabarma a tsakar gida, amma ranar Asabar sai ya sa an canza ruwan yana kallo. Da jikin ya yi tsanani na je gidan Dakta da hantsi, na same shi yana ba furanni ruwa. Ban zauna ba. Na ce mutumin nan tafiya zai yi, ka zo ka yi masa baftisma, ba wanda zai sani, ni ba zan faɗa ba, Mama ba za ta faɗa ba, Amurka tana da nisa. Ya ce Allah zai sani. Na ce ai shi ya sa nake cewa ka yi.

Ya biyo ni. Ya durƙusa a gaban tabarmar, ya ɗiga wa Papa mai a ka, ya ɗora hannu ya yi masa doguwar addu'a. Wannan an yarda masa ya yi. Da ya gama Papa ya buɗe ido ya ce, da Turanci, a hankali, akwai ruwa a tanki, an canza jiya, yara za su iya ɗaukarsa su saka shi. Dakta ya fashe da kuka. Ya riƙe hannun nan mai kaushi yana cewa ya yafe masa, ba shi da izini. Papa ne ya koma lallashinsa, yana buga masa kafaɗa yana cewa ba komai, ba komai. Wallahi ban taɓa ƙin hawayen mutum kamar yadda na ƙi na ranar nan ba. Mara lafiya ne a kwance, amma shi aka bar wa aikin rarrashi.

Papa ya rasu kafin damina ta faɗi. Mama ta buɗe akwati ta ciro fararen kayan nan da ba a taɓa sawa ba, aka sa masa, aka binne shi da su. Fastocin tsohon cocinsa suka yi ta ja da baya, wai ya bar su tun tuni, sai da Baba ya je da kansa ya yi magana da dattawan ƙabilarsu kafin aka sami wanda ya yi masa addu'a a bakin kabari.

Ba a rufa wata uku ba labari ya zo. Shugaban addininsu ya sanar cewa wahayi ya sauka, an ɗage dokar, baƙi da fari duk ɗaya. Dakta ya zo har ɗakina a Samaru, fuskarsa kamar an yi masa albishir da haihuwa, ya ce in raka shi wurin Mama in yi masa tafinta, don ita Turancinta na kasuwa ne. A mota yake ta cewa ka gani, ka gani, na faɗa maka za ta canza. Ina kallon gonakin bakin hanya, dawa ta fara tasowa, ina cewa a raina, wahayin nan da ya yi sammako kaɗan mana.

Muka sami Mama a bayan ɗaki tana tsinkar ganye, sanye da baƙaƙen kayan takaba. Tankin yana nan cike. Ta ci gaba da canza ruwan duk Asabar, ta ce hannunta ya saba. Dakta ya gaishe ta, ya faɗa mata labarin, na fassara. Ta ce to. Sai ya gyara tsayuwa ya ce bai zo da labari kawai ba, ya zo da mafita. A addininsu ana yi wa matattu baftisma. Mai rai yakan shiga ruwa a madadin wanda ya rasu, a ambaci sunan mamacin, a nutsa shi, ladan ya isa. Ya ce kwantiraginsa ya kusa ƙarewa, idan ya koma gida shi da kansa zai shiga ruwan a madadin Papa. Izininta kawai yake nema, da cikakken sunan mijinta.

Na fassara kalma bayan kalma, ban sa gishiri ba. Mama ta ajiye tiren ganyen. Ta dube shi tun daga sanƙo har takalmi.

"Tambaye shi," ta ce da ni. "Yana nufin wani zai iya shiga ruwa, ya zama kamar maigidana ne ya shiga?"

Dakta ya ce haka ne.

"Kuma yanzu an ba da izini? Babu sauran jira?"

Ya ce babu.

Ta miƙe, ta nuna tankin da hannu. "To ga ruwa. Shi ya gina da hannunsa, ya auna da tsawonka. Jiya na canza. Cire takalmi ka shiga, ina kallo."

Na juya masa maganar. Na ga fuskarsa ta canza tun kafin in kai ƙarshe. Sannan ya ce, a hankali, ba a yin na matattu a ko'ina sai a haikali, irin farin ginin da ke hoton falo, kuma babu irinsa a ƙasar nan. Haka ƙa'idar take.

Ban so in fassara wannan ba, amma Mama ta tsare ni da ido, na faɗa mata. Ta gyaɗa kai kamar wadda aka gaya wa farashin da ta riga ta sani.

"Yana da rai, fatansa bai yi ba. Ya mutu, ruwansa bai yi ba." Ta ɗaure bakin zanenta. "Gaya masa sunan mijina ba zai je Amurka ba. Ya jira a nan, a nan zai zauna. In Allah yana son shi, ya san hanyan Sabon Gari."

Ta sunkuya ta fizge tsumman da ke bakin bututun. Ruwan ya yi tsalle ya fito, ya bi ta kan takalman Dakta, ya ratsa tsakar gida ya nufi kwata. Bai matsa ba. Muka tsaya mu uku muna kallo har ya tsiyaye, matakan suka fito ɗaya bayan ɗaya.

A hanyar komawa ya tsayar da mota a bakin masallacin Samaru ba tare da na roƙa ba, don ya ji ana kiran la'asar. Na sauka ban ce masa na gode ba. Na yi alwala, na shiga sahu, na yi abin da shi ya koya mini, na zo da tambayata gaban Ubangijina. Na tambaye Shi inda Ya ajiye Papa. Har yau ina salla, kuma har yau ina tambaya.